Yadda Ake Zaɓen Yankin Inshorar Ekses Kafin Ɗaukar Hayar Mota a Ƙasar Waje

A nan gida, in ka ɗauki shatar mota daga Zariya zuwa Abuja ko Kano, da direbanta take zuwa, in kuma ta bugu a hanya, magana ce tsakanin direba da mai mota. A ƙasar waje makulli za a miƙo maka, ka sa hannu a takarda, daga nan duk abin da ya sami motar kai za a tambaya. Malaman jami'a na Samaru da Kongo masu zuwa taron ƙara wa juna sani, likitocin Shika masu tafiya kwas, 'yan kasuwar Sabon Gari masu zirga-zirgar Dubai da Istanbul, har da masu Umara da ke son tuƙa kansu daga Jidda zuwa Madina, tambaya ɗaya suke yawan kawo mini: wace inshora zan saya, ta Turai ko ta duniya baki ɗaya? Na daɗe ina wannan hidima, tawa da ta abokan tafiya, kuma abin da nake gaya musu bai canza ba. Sunan yankin da aka rubuta a talla ba ya biyan kowa ko sisi. Jerin ƙasashen da ke cikin takardar sharuɗɗa shi ake bi ranar da aka yi ɓarna.

Ga ɗan bayanin da ya wajaba ka riƙe kafin mu shiga aiki. A Turai da ƙasashe da dama, kuɗin haya kan zo haɗe da kariyar da ake rubutawa CDW, wato kamfani ya yafe maka biyan kuɗin motar gaba ɗaya in ta lalace. Amma ba duka ya yafe ba. Akwai kaso na farko da ya bari a wuyanka, shi ne ekses. A Turai yakan kama daga wajen Yuro 1,000 zuwa 2,000 a ƙaramar mota, ya wuce haka a babba, ka ga ko mafi ƙanƙantarsa ya haura naira miliyan ɗaya. Kamfani yakan riƙe kuɗi a katinka tun kafin ka tayar da mota, kamar dai yadda mai hayar rumfa da kujeru yake karɓar jingina ranar biki, in kujera ta karye ya cire daga ciki.

Hanya biyu ce ta sauke wannan nauyi. Ko ka sayi ƙarin kariya a kantar kamfanin hayar, wadda a Turai takan ci Yuro 15 zuwa 30 kowace rana, ko ka sayi inshorar ekses daga wani kamfani na daban ta intanet. Ta biyun ta fi araha nesa ba kusa ba, sai dai kai za ka fara biyan kamfanin haya, daga baya mai inshora ya maido maka. Ita ce kuma ake sayarwa yanki-yanki, kuma a wajen zaɓen yankin ne mutane suke zubar da kuɗinsu.

Abubuwan da za ka tanada

- Fasfo da lasisin tuƙi na Najeriya wanda bai ƙare ba, tare da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke bayarwa. A Saudiyya da Daular Larabawa kamfanonin haya kan nemi na biyun daga baƙo. A Birtaniya baƙo zai iya tuƙi da lasisin ƙasarsa har wata 12.
- Katin banki mai sunan wanda zai tuƙa, kuma mai isasshen kuɗin da za a riƙe.
- Takardar bukin ɗin mota, wato ta kama motar tun kafin tafiya, da sharuɗɗan kamfanin haya, musamman wurin da suka faɗi adadin ekses da ƙasashen da aka yarda a shiga.
- Takardar sharuɗɗan inshorar, cikakkiya. Ba shafin talla nake nufi ba. Akwai doguwar takarda da ake saukewa kyauta kafin a biya.
- Taswira a waya, biro da takarda.
- Waya mai kyamara mai kyau da wurin ajiyar hotuna.

1. Fara da tambayar: sun yarda da mazaunin Najeriya?

Kafin ka ɓata lokaci a kan Turai ko Amurka, nemi layin da ya yi maganar wanda ya cancanci saye. Yawancin inshorar ekses masu arha da za ka gani a intanet kamfanonin Birtaniya ne ko na Tarayyar Turai, kuma da yawansu mazauna can kaɗai suke sayar wa. Abin da suke dubawa shi ne inda kake zaune, ba launin fasfonka ba. Bazazzagin da ke aiki a Manchesta da takardar zama zai iya saya. Wansa da ya je masa ziyara daga Tudun Wada ba zai iya ba, ko da adireshin gidan ɗaya suka rubuta.

A nan nake jan kunnen mutane sosai. Shafin zai karɓi kuɗinka in ka sa adireshin ɗan'uwa, ba wanda zai tsayar da kai. Ranar neman kuɗi ce za su ce ka turo shaidar zama da lasisi, su ga lasisin Najeriya da bizar ziyara, su rufe fayil. Ka yi ƙarya, ka kuma yi asara.

In shafin yana da wurin zaɓen ƙasar zama, duba ko Najeriya na ciki. In tana ciki, zaɓe ta tun farko, domin sharuɗɗa da farashi da adadin da za a biya duk kan sauya da ƙasar da ka zaɓa. In ba ta ciki, rufe shafin ka nemi wani. Shafukan da ke haɗa mutum da kamfanonin haya, irin su Booking.com da Discover Cars, suna sayar da tasu kariyar a lokacin bukin, kuma ita ma salon biya-a-maido-maka ce. Can ma ka sa Najeriya a matsayin ƙasar zama ka ga abin da za su ba ka.

2. Rubuta duk ƙasar da tayar motar za ta taka

Ɗauki biro. Ƙasar da za ka karɓi mota, ƙasar da za ka mayar, da duk wadda za ka ratsa ko da na awa ɗaya ne. Mai tashi daga Jamus zuwa Italiya ta mota sai ya ratsa wata ƙasa, kamar Ostiriya ko Suwizalan. Mai zaune a Belfas da zai leƙa Dublin ya fita daga Birtaniya ya shiga Jamhuriyar Ayalan, ko da bai ga shinge a hanya ba. Mai zuwa Hatta ko Al-Ain daga Dubai yana dab da iyakar Oman. Sa har da inda kake cewa "wataƙila mu leƙa in lokaci ya bari", domin irin wannan leƙen ne yake jawo magana.

In inshorar shekara kake tunani, rubuta tafiye-tafiyen da kake sa rai a wata 12 masu zuwa.

3. Karanta ma'anar "Turai" a wurinsu

Buɗe takardar sharuɗɗa, je wajen da suke bayanin kalmomi ko iyakokin ƙasa. Kowane kamfani da tasa Turai. Wasu su ce duk ƙasashen da ke yamma da duwatsun Ural tare da tsibiran Bahar Rum. Wasu su jero sunaye ɗaya bayan ɗaya. Wasu su ƙara da ƙasashen da ke bakin Bahar Rum ko da ba Turai ba ne. Kuma kada ka haɗa wannan da bizar Shengen. Biza daban, taswirar inshora daban. Birtaniya da Ayalan ba sa cikin Shengen amma suna cikin Turai ta inshora.

Ƙasashen da ya kamata ka nemi sunansu da idonka su ne waɗannan.

Turkiyya ce ta farko, don ita mutanenmu suka fi zuwa. Istanbul kanta rabi tana Turai, rabi tana Asiya, mashigin Bosforus ne tsakani. Babban filin jirgin Istanbul yana ɓangaren Turai, filin Sabiha Gokcen yana ɓangaren Asiya, haka Ankara da Bursa da Antaliya duk Asiya suke. In takarda ta ce "Turkiyya" kai tsaye, shi ke nan. In ta ce "nahiyar Turai" kawai ba ta ambaci Turkiyya ba, kada ka yi wa kanka fassara mai daɗi. Aika musu imel, ka ajiye amsar.

Maroko, Tunisiya da Masar: akwai masu sa Maroko da Tunisiya a cikin kunshin Turai, Masar kuwa ta fi yawan faɗawa kunshin duniya. Mai zuwa Alƙahira ganin likita ko kai yaro makaranta ya lura da wannan.

Tsibiran Kanari na Sifaniya ne duk da suna gefen gaɓar Afirka, Madeira da Azores kuma na Fotugal. Galibi ana ambatarsu da suna, amma ka duba. Saifurus tana da nata rikicin: tsibirin a rabe yake tun 1974, kuma motar da aka ɗauka a kudu kariyarta ba ta bin ta zuwa arewa, sai an sayi wata a mashiga, ita ma ta ɓarnar da ka yi wa wani ce kawai.

Yammacin Rasha, Belarus da Yukren suna yamma da Ural a taswira, amma tun yaƙin 2022 kusan kowa ya cire su ta wata hanyar.

In duk ƙasashen da ke takardarka sun fito a jerinsu, kunshin Turai ya ishe ka, ba ka da dalilin biyan na duniya. In ɗaya tak ta fita, ko dai ka hau kunshi na gaba, ko ka cire ƙasar daga tafiyar mota ka je ta da jirgi.

4. Amurka da Kanada: nan lissafin ya sha bamban

Wannan matakin ya fi kowane tsada in an yi sakaci, saboda haka zan ɗan tsaya.

A Turai akwai CDW a cikin haya, inshorar ekses ta cike ɗan gurbin da ya rage. A Amurka, in ka yi bukin a shafin cikin gida ko ka je kanta kai tsaye, farashin da za ka gani sau da yawa ba shi da wannan kariya sam, domin Ba'amurke yakan dogara da inshorar motarsa ta gida ko ta katin bankinsa. Kai ba ka da ko ɗaya. Ma'ana in motar ta yi kwatsa-kwatsa ko aka sace ta, kuɗinta gaba ɗaya ake binka. Inshorar ekses da iyakarta 'yan dubbai ce ba za ta rufe motar Dala 30,000 ba. Ka ga kenan takardar da ta ce "duniya baki ɗaya, har da Amurka" za ta iya zama gaskiya, ta kuma bar ka a rana.

Abu biyu za ka nema da suna. Na farko CDW ko LDW, mai ɗaukar darajar motar kanta. Na biyu SLI, mai ɗaukar ɓarnar da ka yi wa wasu, wanda a wasu kamfanoni yakan kai Dala miliyan 1. Na biyun ya fi na farkon muhimmanci a ganina. Mafi ƙarancin da dokokin jihohi suka wajabta kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da kuɗin asibiti da na kotu a can. A Kalifoniya, daga Janairun 2025, Dala 30,000 ne ga mutum ɗaya da ya ji rauni, 60,000 ga haɗari ɗaya, 15,000 ga dukiya. A Fulorida Dala 10,000 ne na ɓarnar dukiya. Mota ɗaya mai tsada ka daka ta baya ta cinye wannan.

Mafita mafi sauƙi ga mai zuwa daga Najeriya ita ce ya yi bukin ɗin da ya haɗa LDW da SLI tun daga farko. In ka nuna cewa kai mazaunin waje ne, kamfanoni da dama kan fito maka da farashin baƙi wanda ya haɗa su, kuma sau da yawa ba shi da ekses ko kaɗan. In haka ta samu, inshorar ekses ta rage amfani, sai dai don taya da gilashi da makulli. In ba ta samu ba, nemi kunshin da aka rubuta masa Amurka da Kanada mai CDW da SLI a ciki, ko ka saye su a kanta ka haƙura da tsadar.

Tsallakawa Kanada daga Amurka galibi ana yarda in ka sanar. Meziko kuwa sai da izini na musamman da inshorar Meziko. Ta Amurka ba ta aiki a can.

5. "Duniya baki ɗaya" ma tana da ramuka

Saudiyya, Daular Larabawa, Ƙatar, Malesiya, Indiya, Afirka ta Kudu, Kenya, Ghana, duk kunshin duniya suke buƙata. Amma ka lura, wasu kamfanoni sun raba shi biyu: duniya ban da Amurka da Kanada, da duniya har da su. Mai zuwa Umara da Dubai kawai bai da buƙatar biyan na biyun.

Sai ka nemi jerin ƙasashen da aka cire. Ƙasashen da ke ƙarƙashin takunkumi, irin su Iran, Koriya ta Arewa, Kyuba da Rasha, su ne ake yawan gani. Akwai kuma sharaɗin da mutane ba sa lura da shi: inshora ba ta aiki a wurin da ma'aikatar harkokin waje ta ƙasar kamfanin ta gargaɗi mutane kada su je. Wannan gargaɗin yana sauyawa, kuma wani lokaci yanki ne na ƙasa ba ƙasar duka ba. Duba shi a makon tafiya.

Wannan ya shafi 'yan'uwanmu mazauna waje da ke zuwa gida Sallah da inshorarsu ta shekara a aljihu. Gargaɗin gwamnatin Birtaniya ya daɗe yana shafar jihohi da dama na Arewa, ga shi kuma haya a nan da direba take zuwa, alhali inshorar ekses ta wanda ya sa hannu ya tuƙa da kansa ce. Kada su dogara da ita a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Mu mazauna gida kuma, akwai sharaɗin da kan hana amfani da inshorar a ƙasar da mutum yake zaune, ko a kusa da gidansa da wasu kilomitoci da suka ƙayyade. In a Abuja ko Legas ka sami kamfanin da ke ba da mota ba direba, abin tambaya shi ne wace inshora ke kan motar. Ta wajibi da doka ta sa, wadda hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mayar naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya har naira miliyan 3. Ba ta gyara motar da kake ciki. Sai a rubuta maka a yarjejeniya nawa ne a wuyanka in motar ta bugu.

6. Haɗa taswirar inshora da izinin kamfanin haya

Ko inshorarka ta rufe ƙasa, in kamfanin haya bai ba ka izinin shiga da motarsa ba, ka karya yarjejeniya. Da ka karya ta, CDW ta faɗi, inshorar ekses ma ta bi ta, domin kusan dukkansu suna da layin da ya ce ba sa biyan abin da ya faru a lokacin da aka saɓa yarjejeniyar haya.

Saboda haka ɗauko jerin nan naka ka bi shi a sharuɗɗan kamfanin haya. Fita da motar haya daga Birtaniya zuwa Faransa sai da takardar VE103 daga kamfanin. A Jamus akan hana shiga wasu ƙasashen gabashin Turai da manyan motoci irin su Marsandi da BMW. Sa mota a jirgin fito, ko daga Sifaniya zuwa Maroko ko tsakanin tsibiran Girka, galibi haramun ne sai da izini. Dubai zuwa Oman sai da takardar amincewa da inshorar Oman. Saudiyya zuwa Bahrain ta gadar Sarki Fahad ma sai da takardar izini. Afirka ta Kudu zuwa Lesotho, Eswatini, Botswana ko Namibiya sai da wasiƙar tsallake iyaka. A Afirka ta Yamma akwai katin inshora na ECOWAS, mai ruwan ƙasa, amma shi ma ɓarnar wani yake ɗauka.

Izinin baki ba izini ba ne. Ma'aikacin kanta ya ce "ba matsala", ka ce masa ya rubuta a takardar haya. Yawanci akwai ɗan kuɗin tsallake iyaka, biya shi.

7. Kwanaki, adadi da irin mota

Yanki ya daidaita, saura 'yan abubuwa da za ka bi da sauri. Adadin da inshorar ke biya ya kai ko ya wuce ekses ɗin motar da ka zaɓa. Inshorar shekara ba ta nufin haya ta shekara. Kowace haya ɗaya tana da iyakar kwanaki, sau da yawa 31, wasu 60 ko sama kaɗan. Malamin da zai yi wata uku a wata jami'a ya duba wannan da kyau. Ranar farawa ta zo daidai da ranar karɓar mota ko kafinta, ranar ƙarewa ta kai ranar mayarwa. In jirginka na asuba ne, ƙara kwana ɗaya. Sunan mai inshora ya zama shi ne babban direba a takardar haya, duk wanda zai taɓa sitiyari kuma a sa sunansa a takardar, ko uwargida ce ko ɗanka. Mota mai kujeru fiye da tara, mota mai tsadar gaske, da motar da aka ara daga hannun mutum ta manhaja, sukan faɗa waje. Haka tuƙi a kan rairayi ko hanyar da ba kwalta, abin da masu sha'awar shiga sahara a Dubai ya kamata su sani.

Tafiya ɗaya ko shekara? In za ka ɗauki haya sau biyu ko fiye a shekara, ko haya ɗaya da ta kai mako biyu, lissafa duka biyun, sau da yawa ta shekara ce ke yin nasara. Amma kada ka sayi duniya ta shekara saboda tafiya ɗaya ta kwana biyar zuwa Jidda alhali sauran tafiyarka duk Turai ce. Turai ta shekara, da ta tafiya ɗaya don Jidda, wani lokaci sun fi sauƙi in an haɗa.

Ka kuma tabbatar ta ɗauki taya, gilashi, madubi, rufi, ƙarƙashin mota, ɓatan makulli da zuba man da ba shi ba. Waɗannan su ne CDW ta kamfani kan bari, kuma su ne suka fi faruwa. Tara kuwa ba mai biya maka: kyamarar Saher a Saudiyya, kuɗin hanyar Salik a Dubai, kuɗin shiga tsakiyar Landan, unguwannin da aka hana motar baƙi shiga a biranen Italiya, duk daga aljihunka ne.

8. A kanta

Sayi inshorar kafin ka sa hannu a takardar haya; wadda aka saya bayan an karɓi mota galibi ba ta aiki. Ajiye takardar a waya, ka buga kwafi ɗaya.

Ma'aikacin kanta zai ce maka ba su san inshorarka ba. Gaskiya ya faɗa, ba ruwansu da ita, tsakaninka ne da mai inshora. Zai matsa ka sayi tasu. Ka ce ka gode, su riƙe jingina a kati. Abin da kawai ba za ka ƙi ba shi ne CDW ta asali in ba ta cikin haya, sai fa in inshorarka ta fito fili ta ce tana ɗaukar darajar motar duka.

Kafin ka motsa, zagaya motar da bidiyo: bamba, ƙofofi, ƙarfen taya, gilashi, rufi, mitar mai da ta kilomita. Duk ƙwarzane ko lotsawa, a rubuta a takarda. In dare ne ko garejin ba haske, kunna fitilar waya. Ranar mayarwa ka sake yin haka, ka nemi takardar da ta nuna an karɓa lafiya.

9. In an yi ɓarna

Takardun da mai inshora zai nema kusan iri ɗaya ne ko'ina: yarjejeniyar haya, rahoton ɓarna, rasit ko lissafin gyara, shaidar banki cewa an cire maka kuɗin, hotuna da kwafin lasisi. Abin da ke bambanta shi ne rahoton hukuma. A Daular Larabawa kowane haɗari, komai ƙanƙantarsa, sai da rahoton 'yan sanda; gareji ma ba zai taɓa motar ba sai da shi. A Saudiyya kamfanin Najm ne ke rubuta rahoton ƙananan haɗurra, 'yan sandan hanya kuma in an ji rauni. A Turkiyya kamfanonin haya kan nemi rahoton haɗari da na gwajin barasa. A Turai akwai fom ɗin haɗari na bai-ɗaya da direbobi biyu ke cikewa su sa hannu. Kada ka yarda da sulhun bakin titi irin namu na "Allah ya kiyaye gaba, kowa ya gyara tasa". Ba takarda, ba kuɗi.

Kira kamfanin haya nan take. Karɓi takardun kafin ka bar ƙasar, domin neman rasit ta imel daga Samaru aiki ne mai cin rai. Akwai wa'adin shigar da buƙata, wasu wata ɗaya kacal, don haka shigar tun kana can. Tambaye su kuma ta yaya za su biya mazaunin Najeriya, cikin kati ko asusun dala.

In wani abu ya gagara

In ba ka da katin kiredit: kamfanoni da yawa ba sa karɓar katin cire kuɗi na yau da kullum don jingina, katin intanet da ba a riƙewa a hannu kuwa kusan ba mai karɓa. Nemi kamfanin da ya rubuta cewa yana karɓar irin katinka, ka tabbatar katin asusun dalarka na da kuɗin jingina da na haya, ka kuma sanar da bankinka za ka yi tafiya. In sun ce sai ka sayi cikakkiyar kariyarsu kafin su karɓi katin, to inshorar ekses ta waje ba ta da sauran amfani, kada ka biya sau biyu.

In wani ya ce maka katin banki na da inshorar mota a ciki: wannan ya fi yawa a katunan Amurka, kuma su ma sukan cire ƙasashe irin su Italiya, Ayalan, Jamaika, Ostareliya da New Zealand, gwargwadon katin. Kada ka ɗauka naka na da ita sai banki ya ba ka a rubuce.

In ba ka sami mai sayar wa mazaunin Najeriya ba: sayi kariyar kanta. Tana da tsada, amma ba ta tambayar inda kake zaune, ba ka kuma jiran a maido maka komai. A hayar kwana biyu ko uku bambancin ma bai taka kara ya karya ba. Ka dai tambaya ko ta haɗa taya da gilashi.

In zuciyarka ba ta kwanta da inshora irin ta zamani ba: tambayi malamin da ka yarda da shi tun kana gida. A Saudiyya tsarin inshorar haɗin gwiwa doka ta tanada, a Malesiya da Daular Larabawa kuma akwai kamfanonin takaful, sai ka tambayi kamfanin haya wace ce ke kan motarsu.

In kuwa tafiyar tsakanin Makka, Jidda da Madina ce kawai, jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana haɗa garuruwan uku, kuma a cikin gari tasi ta manhaja ta wadatar. A irin wannan tafiyar ni ba na ɗaukar mota sai in akwai tsofaffi da kaya masu yawa, ko za a wuce Ɗa'ifa da Yanbu.